Ruwan sanyi kyauta, da hanyar da ta kawo masu ƙishirwa

In damina ta sauka a Sahel, lokacin ne makarantun Amurka ke rufewa, iyalai su ɗora tanti da tukwane bisa mota su kama hanya. Mai gida da uwargida da yara sukan yi mako ɗaya ko biyu suna kwana a gandun dajin jahohi, suna tsayawa kallon abubuwan mamaki da aka kafa a bakin titi. Masu cewa hukuma ta tsame hannunta daga komi ta bar wa kasuwa, su ne suka fi kafa hujja da Amurka. Ya kamata su bi irin wannan iyali cikin jahar Dakota ta Kudu su ga wanda ya share fagen.

Daga Sioux Falls zuwa Rapid City, babbar hanya mai lamba 90 ta fi kilomita 500. A garin Mitchell yara za su nemi a tsaya ganin wani gini da ake yi wa ado da zangarniyar masara, al'adar da ta faro tun 1892. Gaba kuma, alluna sun cika bakin hanya suna kira zuwa Wall Drug. Kantin magani ne da Ted Hustead da matarsa Dorothy suka saya a 1931, cikin wani ƙaramin gari, Wall, da fari da talauci suka addaba. Shekara biyar ciniki bai kankama ba. A 1936 Dorothy ta kawo shawarar a kafa alluna a yi wa matafiya tayin ruwan ƙanƙara kyauta. Motoci suka fara ratsewa, wanda ya sha ruwa ya sayi wani abu. Yau kantin ya zama kasuwa guda, kuma har yanzu ba a sayar da ruwan.

Dabara ce ta ɗan kasuwa, ba mai musu. Amma masu ƙishirwar nan ina suka nufa? Duwatsun Black Hills suka nufa, inda tun 1927 ake sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a dutsen Rushmore, galibi da kuɗin gwamnatin tarayya. Hanyar lamba 90 kuwa ƴar dokar 1956 ce, wadda Eisenhower ya sa wa hannu. Da babu wurin zuwa, da ƙanƙarar Dorothy ta narke ba mai sha.

Inda iyalin za su kafa tanti, gandun Custer, na jaha ne tun 1919, kuma faɗinsa ya kusa eka 71,000. An zuba ɓauna 36 a ciki a 1914. Yanzu garken ya haura dubu. Kowane ƙarshen Satumba mahaya dawaki na tattaro su, a duba lafiyarsu, daga baya a yi gwanjon rarar don kada su fi ƙarfin makiyaya, kuɗin kuma ya koma hidimar gandun daji. Kowane makiyayi zai gane wannan lissafi. Madatsun ruwa da wuraren kwana da yawa aikin samarin da Roosevelt ya ɗauka ne tsakanin 1933 da 1942, su kimanin miliyan 3 a duk faɗin ƙasar. Ana biyan kowa dalar Amurka 30 a wata, 25 daga ciki a aika wa iyayensa. Abin lura, a tsakiyar karayar tattalin arziki aka yi wannan, lokacin da masu lissafi ke cewa a tsuke bakin aljihu.

Ba a ce tarihin wurin fari tas ne ba. Yarjejeniyar 1868 ta bar wa ƙabilar Lakota waɗannan duwatsu. Aka ƙwace su a 1877, bayan ayarin sojan Custer ya ba da labarin zinariya a 1874. Kotun ƙoli ta yanke a biya diyya a 1980, Lakota suka ƙi karɓa, ƙasarsu suke so. Yaron da ke gasa nama a bakin tanti ba lalle ne a gaya masa haka ba.

Ma'aikacin hukuma ma kada ya yi saurin murna, don amana na iya lalacewa a hannunsa. A wata jahar, Kalifoniya, an ba da sanarwa a 2011 cewa za a rufe gandu 70 saboda rashin kuɗi. Ƙungiyoyi da talakawa suka shiga karo-karo don a bar ƙofofi a buɗe. A Yulin 2012 sai aka gano kusan dalar Amurka miliyan 54 kwance cikin asusun ma'aikatar, ba a bayyana su ga masu kasafin kuɗi ba. Shugabar ma'aikatar ta ajiye aiki, waɗanda suka ba da gudummawa kuwa suka fara tambayar dalilin da ya sa aka roƙe su tun farko.