Ozzy Osbourne: Korar da Ta Zame Masa Gobarar Titi

Masu bibiyar labaran waƙoƙin ƙasashen waje sun ji rasuwar Ozzy Osbourne, mawaƙin rock ɗan Ingila, ranar 22 ga Yulin 2025 yana da shekara 76. Kwana 17 kacal kafin nan, ranar 5 ga wata, ya yi wasansa na ban kwana a filin ƙwallo na Villa Park da ke Birmingham, garin da ya taso. A zaune ya yi waƙar, kan wata baƙar kujera irin ta sarauta, don cutar Parkinson ta ci ƙarfin ƙafafunsa. Manyan ƙungiyoyi irin su Metallica da Guns N' Roses duk sun zo sun yi masa kara.

Akwai abin lura a tsarin wasan ranar. Ozzy ya hau dandamali sau biyu. Da farko ya rera waƙoƙin da ya yi da sunan kansa, daga baya ya dawo tare da Black Sabbath, ƙungiyar da ta kore shi shekara 46 kafin nan. To ya aka yi korarren mawaƙi ya koma shi ne babban suna a gidan da aka fatattake shi?

Bari mu ɗan koma baya. Samari huɗu ne 'yan Birmingham suka kafa Black Sabbath a 1968: Ozzy a murya, Tony Iommi a jita, Geezer Butler a jitar bes, sai Bill Ward a ganga. Kundinsu biyu na 1970, musamman Paranoid, su ake ɗauka a matsayin tushen salon nan mai ƙarar tsiya da ake kira heavy metal. Amma fa ba Ozzy ne ginshiƙin ƙirƙira a ƙungiyar ba. Iommi ke haɗa yawancin kiɗan, Butler ke rubuta yawancin baitocin. Don haka da shaye-shayen Ozzy ya ishe su suka sallame shi a 1979, mutane da dama sun ɗauka tasa ta ƙare. Su kuwa suka ɗauko Ronnie James Dio, suka fitar da Heaven and Hell a 1980, ya kuma karɓu. Shi Ozzy da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya kulle kansa a ɗakin otal a Los Angeles wata da watanni, ba abin da yake yi sai shaye-shaye.

Wadda ta ciro shi daga wannan rami ita ce Sharon Arden, 'yar manajan Black Sabbath ɗin, Don Arden. Ta karɓi ragamar harkarsa, daga baya suka yi aure a 1982. Sai kuma aka yi dace da wani matashin makaɗin jita ɗan Amurka, Randy Rhoads, wanda ya karanci kiɗan gargajiyar Turawa ya iya cusa shi cikin rock. Aka haɗa da Bob Daisley ɗan Ostareliya a bes, da Lee Kerslake a ganga. Su huɗun nan suka yi Blizzard of Ozz na 1980, inda waƙar Crazy Train ta fito, da Diary of a Madman na 1981. Kundin nan biyu su ne harsashin duk abin da Ozzy ya zama daga baya.

Kun ga ke nan, abin da ake kira tsayawa da ƙafar kai bai taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Baiwar Ozzy ita ce murya wadda ko daga nesa ka ji ka san shi ne, da iya riƙe 'yan kallo, da kuma sa'ar samun gwanaye a kusa da shi. Da Randy ya rasu a hatsarin ƙaramin jirgin sama a Florida a watan Maris na 1982, yana ɗan shekara 25, an sake cewa shi ke nan. Sai ga Jake E. Lee, sai ga Zakk Wylde a 1987, tafiya ta ci gaba har zuwa No More Tears na 1991. Ita kuma Sharon ta mayar da sunan mijinta kasuwa: bikin waƙa na Ozzfest daga 1996, da shirin The Osbournes a tashar MTV daga 2002 zuwa 2005, wanda ya sa har waɗanda ba ruwansu da rock suka san fuskarsa.

Amma akwai ɓangaren da masu yabo ba su cika taɓowa ba, kuma a ganina shi ne ya fi shafarmu. Daisley ne ya rubuta mafi yawan baitocin kundin farkon nan biyu. Shi ya sha faɗin cewa da farko ƙungiya aka kafa, ba wai yaran Ozzy ba. An sallame shi da Kerslake a 1981, kafin Diary of a Madman ya fita, kuma da ya fita sai ga hoton waɗanda suka maye gurbinsu a jikin kwalin, alhali ba su buga komai a ciki ba. Rigimar haƙƙi da kason kuɗi ta kai su kotu. Abin ya yi tsami har a 2002 aka sake fitar da kundin biyu bayan an goge bes da gangar da suka buga, aka sa wasu suka sake bugawa. Masoya suka yi ca, sai a 2011 aka dawo da ainihin sautin. Kerslake, da rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, ya roƙi a ba shi faifan karramawa na kundin nan biyu, Ozzy ya aika masa, sannan ya rasu a 2020.

Wallahi duk wanda ya taɓa zama a situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos ya san irin wannan labarin. Wani ya rubuta baiti, wani ya haɗa kiɗa, wata ta yi amshi, waƙa ta fashe, sai sunan mutum ɗaya kawai ake ji. Ranar da ake tare ana dariya ba mai tunanin takarda. Sai kuɗi ya shigo a fara "ai ni na yi". Idan a Ingila da Amurka, inda lauyoyi da dokar haƙƙin mallaka suka yi ƙarfi, mutum zai shekara ashirin yana bin haƙƙinsa, ina ga wanda ya yi aiki a kan amana da fatar baki?

Sai kuma batun shaye-shaye, wanda bai kamata a yi masa kwalliya ba. Shi ya jawo korarsa, shi ya jawo abin kunya iri-iri a rayuwarsa, har da kama shi da 'yan sanda suka yi a 1989 bayan ya kai wa Sharon hari cikin maye. Shi kansa bai taɓa ɓoye cewa abin ya kusa halaka shi ba. Kada wani yaro ya ɗauka ƙwaya ce ta ba shi basira. Abokan aikinsa da matarsa ne suka riƙe shi duk da ita.

A ƙarshe dai tarihi ya ba shi kujera biyu. An shigar da shi zauren karrama mawaƙan rock na Amurka tare da Black Sabbath a 2006, aka sake shigar da shi da sunan kansa a 2024. Kundinsa na ƙarshe, Patient Number 9 na 2022, ya ci Grammy biyu, kuma Tony Iommi, mutumin da aka kore shi a ƙarƙashin jagorancinsa, ya buga jita a ciki. Ranar ban kwana kuma su huɗun da suka fara a 1968 suka tsaya tare, karo na farko cikin shekara 20.

Don haka ɗan'uwa mawaƙi da ke shirin barin maigida ko ƙungiya ya buɗe tasa harkar, fita ba laifi ba ce, wani lokacin ma ita ce alheri. Amma ka duba su wa za ka tafi da su, ka rubuta kason kowa tun ana shiri, kuma kada ka rushe gadar da ka bi ka wuce. Ku fa, a ganinku sunan wa ya kamata ya hau waƙa, mai murya ko mai alƙalami?