Zuwa Ga Masu Rubuta Mana Barkwanci: Magana A Kan Wani Kare Mai Suna Wilfred



Zuwa ga 'yan'uwana marubutan fim, daraktoci da 'yan wasan barkwanci na Kano, Kaduna, Jos da duk inda ake ɗaga kyamara da harshen Hausa. Na san in na ce zan yi muku magana a kan wani shirin Turawa wanda kare yake magana har yana zuƙar wiwi, wasunku za su naɗe takardar nan tun daga layin farko. Ina roƙon ku daure ku ƙarasa. Ba tallar shirin na zo yi ba, akwai abin da na gani a cikinsa da na daɗe ina neman irinsa a ayyukanku ban samu ba.

Sunan shirin Wilfred. Asalinsa ɗan gajeren fim ne da wasu 'yan Ostireliya, Jason Gann da Adam Zwar da darakta Tony Rogers, suka kai gasar Tropfest ta birnin Sidni a 2002. Daga baya tashar SBS ta mayar da shi shiri mai dogon zango, aka nuna a 2007 da 2010, kashi 16 gaba ɗaya. A 2011 tashar FX ta Amurka ta sake yin nata, David Zuckerman ya tsara, Elijah Wood ya fito a matsayin Ryan, shi kuma Gann ya ci gaba da zama karen. Aka yi zango 4, kashi 49, aka rufe a 2014. Na Amurkan nan shi ne na fi son mu tattauna.

Ga yadda ya fara. Ryan matashin lauya ne a Los Angeles, ya bar aiki, duniya ta yi masa ƙunci, har wani dare ya yi yunƙurin kashe kansa, Allah bai nufa ba. Gari ya waye yana zaune idanu jajur, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarsa Jenna ce, tana roƙon ya riƙe mata karenta na yini ɗaya. Ya dubi bayanta, sai ya ga ƙaton mutum tsaye cikin rigar kare mai ruwan toka, kunnuwa sun zubo, an shafa masa baƙi a kan hanci. Mutumin ya shigo falo, ya zagaya kan kujera kamar yadda kare yake yi kafin ya kwanta, ya zauna, ya kafe Ryan da ido, ya fara yi masa magana. Jenna kare take gani. Duk unguwar kare suke gani. Ryan kaɗai yake ganin mutum, shi kaɗai yake jin maganar.

A kan wannan ƙa'ida ɗaya aka ɗora shirin shekara huɗu. Kowace dariya daga nan take ɓullowa, kowane tsoro ma daga nan. Mai kallo yana dariya ganin ƙato yana haƙa ramuka a tsakar gida don uwar ɗakinsa ta daɗe ba ta dawo ba, amma can ƙasan zuciyarsa bai manta cewa mutumin da ke wannan hira jiya ya so mutuwa ba.

To, mu dawo gida. Ku faɗa mini gaskiya, yaya mai taɓin hankali yake fitowa a finafinanmu? Tsummokara, gwangwanaye a wuya, toka a ka, yara na binsa da ihu, ya kori mai tallar ƙosai, a saka kiɗan ban dariya, a wuce. Ba shi da suna, ba shi da uwa, ba a san abin da ya same shi ba. An kawo shi ne kawai don a huta da kukan jaruma.

Ina da dalilin da ya sa wannan yake ci mini rai. Ƙanin mahaifina, bayan rasuwar matarsa, ya yi kusan shekara biyu ba ya shiga mutane. Ba ya duka, ba ya zagi, kullum rigarsa a wanke, sallarsa ba ta wuce shi. Amma da la'asar sai ya ɗauki 'yar kujera ya tafi bayan gida inda ake ɗaure wata tsohuwar akuya da marigayiyar ta bari. Ya zuba mata dusa, ya zauna yana ba ta labari ƙasa-ƙasa: kuɗin makarantar yara, wanda ya zo gaisuwa da wanda bai zo ba, mafarkin da ya yi. Wani lokaci ya yi shiru yana gyaɗa kai kamar ana ba shi amsa. Mu yara muka riƙa leƙe muna ƙunshe dariya. Wata rana da dare muna kallon fim tare da shi, aka nuno mahaukacin nan na gwangwanaye, ɗaki ya kece da dariya. Baffa ya miƙe a hankali, ya sa takalmansa, ya fita. Ban fahimci abin da muka yi masa ba sai da na girma. Mutane irinsa suna cikin masu kallonku, kuma suna gane kansu.

Abin da Wilfred ya iya shi ne zaɓar inda dariya za ta sauka. Ba ciwon Ryan ake yi wa dariya ba. Ana yi wa ƙaryar da yake yi wa kansa ne: cewa lafiyarsa ƙalau, cewa ba ya son Jenna, cewa ba ya tsoron mahaifinsa, cewa aikin da yayarsa Kristen ta samo masa shi yake so. Karen ne yake tona shi, ba kunya ba kara, domin kare bai san kara ba. Mu kuwa al'umma ce da aka gina a kan kunya da kawaici, ko wuta na cin mutum in ka gaishe shi "lafiya lau" zai ce. Mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a fim fuska kaɗai ba ta ɗaukar kashi hamsin. Ana buƙatar bakin da zai furta abin da jarumin ba zai iya furtawa ba. Mun ma riga mun san irin wannan baki. Abin da taubashi yake gaya wa taubashinsa, ko Bafulatani da Babarbare, ko jika da kaka, wani in ya faɗa sai an kai ga mai unguwa. Wasan ya ba su lasisin faɗar gaskiya mai ɗaci a yi dariya a tashi lafiya. Dabbar da ke magana a fim irin wannan lasisin take riƙe da shi.

Kada wani ya ce mini ai su suna da kuɗi. Rigar karen nan ko telan bakin kasuwa zai ɗinka ta, fuskar Gann a buɗe take, ba wata dabarar kwamfuta. Ƙarfin yana cikin abu biyu. Na farko, ɗan wasan bai taɓa nuna wa mai kallo cewa ya san abin dariya yake yi ba. In ya fusata da mai kawo wasiƙu, da gaske ya fusata. Na biyu, sun zauna sun kalli kare sosai: yadda yake kishin duk namijin da ya matso kusa da uwar ɗakinsa, yadda ƙwallo ɗaya take mantar da shi duk hikimar da yake zubawa. Marigayi Rabilu Musa Ibro yana da wannan baiwa ta kallon mutane, shi ya sa ko tafiyarsa kaɗai ta isa. Haka Samanja ya san barikin soja ciki da bai kafin ya sa mu dariya da shi. Yau da yawa cikinku ihu da zare ido da faɗuwa ƙasa kuke ba mu a madadin wannan lura.

Wani abin kuma, kada ku mayar da dabbar malami. Na san halinmu: da mun samu baki mai faɗar gaskiya sai mu ɗora masa wa'azi, a ƙarshen kowane kashi ya jero darussa. Wilfred ba mutumin kirki ba ne. A kashi na farko ya ja Ryan suka haura gidan wani maƙwabci mai tsoratar da unguwa, suka yi masa ɓarna, Ryan ya dawo yana jin kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sai kyamara ta nuna mana cewa karen ya yar da walat ɗin Ryan a wurin, da gangan. Daga ranar mai kallo bai sake sakin jiki da shi ba: taimakonsa yake yi, ko ramin mugunta yake gina masa? Akun da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam mai hikima ne, yana riƙe ɗan sarki da labari don ya tsare shi daga halaka, kuma ya dace da aikin da aka ba shi. Amma muryar da ke cikin kan mai ciwon damuwa ta fi kama da Gizo: yau ta fitar da kai, gobe ta sayar da kai. Wanda ya taɓa kwana da irin wannan murya zai gane in kun yi masa ƙarya.

Akwai abin da ban ce ku ɗauko ba. Zaman shan wiwi da ake rufe kusan kowane kashi da shi, da batsar da karen yake yi da wata tsohuwar 'yar tsana mai siffar dabba da yake kira Bear, waɗannan nasu ne, ko Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ba ta hana ba ni zan ce ku bar su. Ban ga abin da suka ƙara wa labarin ba. Shi kansa karen ma ba dole ba ne. A wurinsu kare ɗan gida ne, yana hawa gado. A wurinmu na farauta ne da gadi, kuma kun san yadda masu kallo za su ɗauki jarumin da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da shi a falo. Ga akuya, ga kyanwa, ga jakin mai ɗiban yashi, ga ragon layya da yaro ya shaƙu da shi. Ku zaɓi wadda kuka sani, wadda kuka taɓa ba ta abinci da hannunku.

Inda za ku fi shan wahala shi ne tambayar da kowane mai kallo zai yi tun daren farko: aljani ne? In kuka ce e a kashi na biyu, labari ya mutu, saura a kira mai ruƙiyya a tashi. Ku koyi riƙe amsa. A ƙarshen zango na farko na Wilfred, Ryan ya ruga gida ya buɗe ƙofar ɗakin ƙasa inda suke zaman hira da karen kullum, sai ya tarar ba ɗaki a wurin, ma'ajiyar kaya ce kawai. Ba wani dogon jawabi. Ƙofa ɗaya ta sa mai kallo ya koma yana tantamar duk abin da ya gani. Su ma dai sun yi tuntuɓe daga baya. A zango na ƙarshe sun cika labarin da wata ƙungiyar asiri mai bautar gunkin kare, a ganina wannan ya ɗauke hankali daga kan mutumin. Abin da ya cece su shi ne ba su yi wa ciwon rufa-rufa ba. Mun riga mun ga mahaifiyar Ryan ta daɗe a gidan kula da masu taɓin hankali. Karen na gaske ya kamu da ciwon daji ya mutu, Ryan ya gane cewa wanda yake hira da shi daga kansa yake fitowa. Ba a ce ya warke ba, ba a kuma ɗaure shi da mari ba. An bar shi yana koyon zama da abin da ke tare da shi.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi nauyi. Ban yarda da yadda shirin ya nuna daren yunƙurin Ryan dalla-dalla ba. In labarinku ya bi ta nan, kada ku nuna hanya, kada ku nuna abin da aka yi amfani da shi. Ku nuna safiyar, ku nuna wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 wadda ko sunanta ma "mahaukata" take kiran marasa lafiyar. Doka ta canza harshe, saura ku da kuke shiga ɗakunan mutane kowane dare.

Likitocin wannan fanni ba su yi muku nisa ba. Suna Dawanau a Kano, suna Barnawa a Kaduna, suna Kware a Sakkwato. Kafin ku rubuta fitowar mai taɓin hankali ta gaba, don Allah ɗayanku ya ɗauki littafi da biro ya je ya nemi izinin zama da su ko na yini ɗaya ne, ya tambaye su yadda marasa lafiyarsu suke magana.