Manyan Fayiloli da Tarkon Rassa a Git

A makon jiya wani ɗalibi da ke aikin kammala karatu tare da abokansa biyu ya kawo mini kuka. Ya sauko da reshen abokinsa a Git, sai ya tarar bidiyon da suka shafe wata guda suna haɗawa ya koma rubutu mai layi uku. Ya kwana yana zaton aikin ya salwanta.

Bai salwanta ba. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, an gina shi ne domin rubutun manhaja, kuma ba ya mantuwa: duk fayil ɗin da ya shiga tarihinsa yana nan daram ko an goge shi, kuma duk wanda ya kwafi rumbun sai datarsa ta biya kuɗin saukar da shi. GitHub ma ba ya karɓar fayil da ya haura megabait 100. Don haka ne aka fito da Git LFS a 2015, wanda ke ajiye babban fayil a wani wuri dabam, ya bar ɗan rasit a madadinsa mai ɗauke da lambar shaida da girman fayil ɗin. Rasit ɗin ne ɗalibin ya gani, domin bai girka LFS a kwamfutarsa ba.

Sai dai tarkon da ya fi damuna yana cikin rassa. Dokar da ke cewa bidiyo ya tafi LFS tana rubuce ne a fayil ɗin .gitattributes, kuma kowane reshe da nasa kwafin. Reshen da aka tsaga kafin a kafa dokar bai san da ita ba, zai haɗiye bidiyon ɗungurungum cikin tarihi ba tare da kowa ya ankara ba. Shawarata ita ce a kafa dokar a babban reshe tun ranar farko, kafin kowa ya tsaga nasa.

Haka kuma Git ba ya iya sasanta gyara biyu a bidiyo ɗaya kamar yadda yake yi wa rubutu. Dole aikin mutum ɗaya ya faɗi. Umarnin git lfs lock na bai wa mai gyara damar kulle fayil har ya gama, kodayake ɗan gajeren saƙo ga abokan aiki ma kan wadatar.

In kuwa ɓarnar ta riga ta auku, git lfs migrate na iya tsamo fayilolin, amma yana sake rubuta tarihi ne, ya sauya lambobin ajiya. A fara adana kwafin rumbun a gefe, a sanar da kowa ya dakatar da aiki, bayan an gama kuma kowa ya sauko da rumbun sabo.