Dillalin gida, wa ya tsaya masa?

Mai shagon magani sai ya rataye lasisi a bango. Direban haya sai ya nuna takardar tuƙi. Amma mutumin da ake danƙa wa cinikin gidan naira miliyan 50 a Kano ko Kaduna, sau da yawa jarinsa bai wuce waya da babur da daɗin baki ba.

A da hakan bai dami kowa ba. Dillali ɗan unguwa ne, mai unguwa ya san ubansa, in ya ci amana ba shi da wurin sa fuska. Yanzu gari ya buɗe, filayen awon igiya sun cinye gonakin bayan gari, mai saye da mai sayarwa ba su san juna ba. A tsakaninsu kuwa 'yan kayi-nayi sun yi layi, kowa na jiran kasonsa. Nan ake sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Nan ake nuna gida da rani, a yi gum game da ruwan da ke kwana a tsakar gidan da damina, ko game da magadan da ba su daidaita ba. Malamai sun daɗe da bayyana hukuncin ɓoye aibin haja, amma wanda zai karɓi la'ada hannu biyu, daga mai saye da mai sayarwa, wa yake wakilta in ba cinikin kansa ba?

Ba doka aka rasa ba. Tun 1975 aka kafa ESVARBON, hukumar da ke yi wa ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye rajista, sai dai nata 'yan boko ne masu ofis, ba na bakin titi ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta sa masu harkar gidaje cikin waɗanda sashen SCUML na EFCC ke sa wa ido.

Legas ta matso kusa da matsalar: hukumarta ta LASRERA tana yi wa dillalai rajista, tana sauraren koke. Jihohin Arewa suna da abin farawa, tunda hukumomin KANGIS ta Kano da KADGIS ta Kaduna na riƙe da bayanan filaye. Ba digiri za a nema a wurin dillali ba. A ba shi lamba da katin shaida, ƙungiyarsa ta tsaya masa, a rubuta la'ada kafin a sallama, wanda aka kama ya sayar da fili sau biyu kuma a soke lambarsa, a sanar a rediyo.