Kafin A Haƙa Harsashi A Tsoffin Filayen Ma'aikatu, A Ji Ta Bakinmu

Duk wanda ya daɗe a Jimeta ya san fili ya zama zinariya. Tun da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Adamawa a 1991, garin yake ta kumbura. Rikicin Boko Haram na 2014 kuma ya koro dubban jama'a daga Mubi da Michika da Madagali, wasunsu har yau suna tare da mu. Da fili ya yi wuya a cikin gari, ba mamaki idon masu kuɗi da dillalai ya koma kan wuraren da a da ake sana'a: tsoffin sito-sito, garejin manyan motoci, wuraren yankan katako, ma'ajiyar mai da ƙananan masana'antun da suka rufe. Irin waɗannan wurare ne ake yankawa fuloti-fuloti a gina gidajen haya da shaguna.

Mu ba masu adawa da gini ba ne, domin kuwa da yawanmu a gidan haya muka tara iyali, mun san zafin kuɗin haya. Abin da muke cewa shi ne, filin da aka yi shekaru ana aikin masana'anta a kansa ba daidai yake da gonar dawa ba, kuma maƙwabtan wurin suna da haƙƙin a ji ta bakinsu kafin a haƙa harsashi, ba tare da an tambaye su takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba.

Dalili kuwa, ƙasa ba ta mantuwa. Baƙin mai da ruwan batir da fenti da maganin ƙwarin da ake feshe hatsi da shi a sito, duk suna iya nutsewa su zauna shekara da shekaru, su gangara cikin rijiya. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Can niƙan dutsen zinariya ne ya jawo, amma darasin ɗaya ne: gubar tana cikin ƙasar tsakar gida, inda yara ke rarrafe su kai hannu baki, kuma sai da aka kankare ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa. Tsohon batirin mota ma dalma ce a cikinsa.

A Kano, garin da da yawa daga cikinmu ke da dangi, masana'antun jima na Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin ruwan sinadarai cikin rafin Getsi da Jakara da kogin Challawa, ga shi kuma gidajen jama'a sun matso kusa da su. A Amurka ma an taɓa yi. A 1953 wani kamfanin sinadarai ya sayar wa hukumar makarantun garin Niagara Falls filin da ya binne shararsa a kan dala 1 kacal. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta, sai a 1978 guba ta fito fili aka kwashe ɗaruruwan iyalai daga unguwar da ake kira Love Canal. Idan hakan ta faru a ƙasar da ke da kayan gwaji, ina ga mu da yawancinmu rijiya da burtsatse muke sha?

Bayan guba sai ruwan sama. Jimeta a bakin Binuwai take, kuma ba mu manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. A Yulin 2025 ruwan sama ya ci rayuka fiye da 20 a unguwannin Yola ta Kudu. Babban fili da ba kowa yana shanye ruwa. Ranar da aka cike shi da siminti ba tare da magudana ba, ruwan zai nemi hanya, kuma gidan talakan da ke gangare zai dosa.

To me ke hana mu magana? Tsoro. An daɗe ana nuna mana cewa mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya ɗaga murya, alhali wasunmu nan aka binne kakanninsu tun zamanin da jiragen ruwan kamfanonin Turawa ke sauke kaya a bakin kogi. Tsarin Mulkin 1999 ya ba mu kariya. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a inda ya ga dama a ƙasar nan, na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa, na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina, na 44 kuma ya wajabta biyan diyya idan hukuma ta karɓe.

Bugu da ƙari, Dokar Tantance Illa ga Muhalli mai lamba 86 ta 1992 ta ce duk aikin da zai iya yi wa muhalli babbar illa sai an yi bincike, an kuma ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu. Sai dai a kula, rukunin gidajen da dokar ta ambata ƙarara shi ne mai faɗin hekta 50 zuwa sama. Filayen cikin unguwanninmu ba su kai haka ba, saboda haka in ba mu yi magana ba, da wuya wani ya gwada ƙasar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba mu damar rubuta wa ma'aikata mu nemi takardu, ta kuma ba ta kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta shafi jihohi.

Don haka muna kira ga kowane magidanci. Da zarar ka ga an fara auna irin wannan fili a kusa da kai, ka sanar da mai unguwa da kansila, maƙwabta su haɗu su rubuta takarda ɗaya zuwa hukumar tsara birane ta jiha da Ma'aikatar Muhalli, a karɓo kwafi mai hatimi. A tambaya: an ba da izinin mayar da wurin gidajen kwana? An gwada ƙasa da ruwan rijiya, ina sakamakon? Ina taswirar magudanar ruwa? Masu ƙananan sana'o'in da ke cin abinci a wurin, ina za a mayar da su? Mai shirin sayen fuloti kuma ya tambayi dattawan unguwa abin da aka yi a wurin a da, ya kuma tuna cewa Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, takardar dillali kaɗai ba ta isa ba.

Wannan magana ba ta Bahaushe ba ce shi kaɗai. Rijiyar da ta gurɓace ba ta tambayar wane ne Bafulatani ko Bata ko Laka ko Ibo, don haka mu tafi tare da maƙwabtanmu, cikin lumana da girmama hukuma da masarauta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kare mana zuriyarmu, amin.