Gasar Doki ta Kwana Uku da Hakkin Dabba

Daga cikin wasannin doki da Turawa suke yi, babu wanda ya kai gasar kwana uku wuya. Asalinta jarrabawa ce ta dakarun doki, domin a gane ko dokin hafsa yana jin linzami, yana da jimiri, kuma yana iya tashi aiki washegarin wahala. Da aka shigar da ita wasannin Olamfik a birnin Istokholm a 1912, hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau. Mata kuwa sai a 1964, a Tokiyo, aka fara ganin ɗayarsu a kan sirdi.

Kashi uku ake yi, da doki ɗaya da mahayi ɗaya. Da farko doki ya nuna ladabi a ƙaramin fili, ya yi tafiya da sassarfa da zamiya daidai yadda aka umarce shi. Sa'an nan a fita daji, inda a manyan gasa irin ta Badminton a Ingila, wadda aka fara a 1949, ake sukuwar fiye da kilomita 6 a kan saurin mita 570 cikin minti ɗaya, ana tsallake gungumen itace da gwalalo da kududdufi. Rana ta ƙarshe a koma fili a tsallake sanduna waɗanda taɓawa kaɗan take kayar da su.

'Yan kallo ranar daji suke ɗoki, jaridu ma hotonta suke bugawa. Amma duk wanda ya san doki ya san ba nan ne zuciyar gasar take ba. Tana cikin wani ɗan taƙaitaccen al'amari da ake yi da safiyar rana ta ƙarshe, lokacin da mahayi zai sauka ƙasa ya ja dokinsa da hannu, ba sirdi, ya sa shi sassarfa a gaban alƙalai da likitan dabbobi. In aka ga ɗingishi, shi ke nan an fitar da shi, ko da kuwa shi ne kan gaba jiya. A nan ne ake tona asirin wanda ya tatse dabbarsa don neman suna, a kuma ga wanda ya san inda zai sassauta kaimi. Shi doki ba ya magana, ƙafarsa ce take ba da shaida.

Dalilin da ya sa wannan bincike ya cancanci a girmama shi ba ɓoyayye ba ne. Mahayi shi ya zaɓi haɗarin da kansa, doki kuwa kawo shi aka yi. Shingen daji ba ya faɗuwa. Idan doki ya bugi samansa da ƙirji ko gwiwa, sai ya wuntsila ya danne mai hawansa. Bayan mutuwar mahaya da dama a Ingila a 1999 aka yi gyare-gyare, har aka ƙirƙiro ƙusoshi masu karyewa don shinge ya sunkuya in an buge shi da ƙarfi. Daga 2004 kuma aka cire doguwar tafiyar hanya da tseren shinge waɗanda a da suke gabatar sukuwar daji. Duk da haka, a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, wani doki na ƙasar Suwizalan mai suna Jet Set ya ji mummunan rauni a ƙafa a ranar daji, ala tilas aka kashe shi don a hutar da shi.

Masu cewa a hana wasan baki ɗaya suna da hujjarsu, ba kuwa ta raini ba ce. Sai dai hani ba zai koya wa kowa tausayi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a canja ma'aunin yabo. Mahayin da ya ji numfashin dokinsa ya sake, ya ɗaga hannu ya janye saura shinge uku a gama, bai kamata a lissafa shi cikin ragwaye ba. Alƙalan hanya suna da ikon tsayar da dokin da ya gaji, kuma wajibi ne su riƙa yin haka ba tare da duban sunan wanda yake kai ba, ko tutar ƙasarsa, ko yawan jama'ar da suka biya kuɗi don su ga ya ƙarasa.