Masu ɗura wa bindiga rodi, ku zo nan

1/ Samarin farauta na Gaya da Ajingi, wa ya koya muku yanko dogon rodi ku ɗura a bindigar toka? Wai ya fi cin nisa. Ƙarya ne wallahi.

2/ Dogon ƙarfe nauyi gare shi. Albarushi ya tashi, ƙarfen ya ƙi gaba da wuri, sai bututun ya dare. A lokacin ina hannunka na hagu yake?

3/ Bututun famfo ne fa, ba na soja ba. Ko rodin ya fita, wulwulawa yake a iska, ba saiti.

4/ Garin da maƙera Abagayawa suka fito, a ce ba mu san ƙarfe ba? Yatsu su tafi, ku ce sammu. Wane sammu malam, kai ka ɗura!